Dutsen Hoba: Ƙarfen Da Ya Faɗo Daga Sama Bai Bar Rami Ba

A wata gona da ake kira Hoba ta Yamma, kusa da garin Grootfontein a arewacin ƙasar Namibiya, akwai wani dunƙulen ƙarfe da nauyinsa ya kai kimanin tan 60. Shi ne dutsen sama mafi girma da aka taɓa samu a dunƙule guda a doron ƙasa, kuma har yau yana kwance a inda ya faɗi, domin nauyinsa ya hana a ɗaga shi.

An gano shi a shekarar 1920. Kamar yadda ake ba da labari, mai gonar, Jacobus Hermanus Brits, yana huɗa da shanu ne sai garmarsa ta karci wani abu mai ƙarar ƙarfe, ta tsaya cak. Da aka tone ƙasar, sai ga wani faffaɗan ƙarfe mai tsawo da faɗi kusan mita 2.7 kowanne, da kaurin da bai kai mita 1 ba.

Binciken masana ya nuna cewa kusan kashi 84 cikin 100 na jikinsa baƙin ƙarfe ne, kimanin kashi 16 kuma ƙarfen nikel, sai ɗan kobalt. Wannan yawan nikel ya sa ya fita daban. Galibin duwatsun sama na ƙarfe, idan aka yanka su aka shafa musu ruwan asid, sukan nuna zane mai layuka masu ratsa juna kamar saƙar tabarma, wanda ke samuwa yayin da ƙarfen ke hucewa sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Hoba ba ya nuna wannan zane ga ido, shi ya sa aka sanya shi cikin wani ƙaramin rukuni da ba kasafai ake samun irinsa ba.

Masana na ganin irin waɗannan duwatsu ɓarɓashi ne na cibiyar wasu ƙananan duniyoyi da suka samu a farkon tsarin rana, fiye da shekaru biliyan 4.5 da suka wuce. Da zafi ya narkar da su, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, daga baya suka yi karo da juna suka tarwatse. Tun da ba wanda zai iya haƙa rami zuwa cibiyar duniyarmu, wadda ita ma ƙarfe da nikel ne, irin su Hoba ne ke ba masu bincike damar taɓa makamancinta da hannu.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rashin rami. Ana kyautata zaton ya faɗo ne ƙasa da shekaru 80,000 da suka gabata, kuma abu mai wannan nauyi kan fashe ko ya haƙa ƙaton rami idan ya bugi ƙasa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ya shigo a karkace, iska ta tare faffaɗan jikinsa ta rage masa gudu ƙwarai kafin ya sauka. Wasu kuma na ganin zaizayar ƙasa ce ta shafe ɗan ramin da ya yi.

Dutsen da ya tsira daga wannan faɗuwa bai tsira daga hannun mutane ba. Shekara da shekaru masu ziyara suna gutsurarsa da zarto da guduma domin ajiye tsaraba, har yanzu kuma ana ganin tabon yankan a gefensa. A shekarar 1955 hukuma ta ayyana shi a matsayin kayan tarihi na ƙasa, matakin da ya hana a fitar da shi zuwa ƙetare. A 1987 mai gonar ya ba da dutsen da filin da yake kai ga gwamnati, aka kuma kewaye shi da matakala irin ta dandali.

A yau ɗalibai da masu yawon buɗe ido na zuwa su gan shi su taɓa shi a wurin da ya sauka, yayin da dokar ƙasar ta haramta yankar ko da ɗan ƙanƙanin yanki daga jikinsa.