Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga: Gwaninta a Hannu Take ko a Kaya?

Gabatarwa

Bindiga ba baƙuwa ba ce ga mutumin Yola da Jimeta. Ranar hawan salla muna jin rugugin adaka a ƙofar fadar Lamiɗo, muna kuma ganin maharba rataye da tasu. Ba mu manta da rawar da suka taka ba a watan Nuwamba na shekarar 2014, lokacin da suka dafa wa sojoji aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Ga kuma barikin Gibson Jalo, mazaunin Birged ta 23, inda sojoji kan fita atisayen harbi bayan an gargaɗi manoma da makiyaya su nisanci filin. Sai dai a duk waɗannan wurare bindiga kayan yaƙi ce, ko na farauta, ko na biki. Har kalmar 'yan bindiga ma ta sauya ma'ana a bakinmu. A da bayin sarki ne masu buga albarushi a hawa, yau kuwa da an ambace ta sai gaba ya faɗi.

A wannan maƙala ina so in kai mai karatu wani fage dabam, inda aka mayar da harbi da ƙaramar bindiga, wato fistol, wasan motsa jiki mai alƙali da agogo da maki. Abin da ya ja hankalina ga wasan shi ne ba ya karɓar cika baki. Duk wanda ya ce shi gwani ne, lissafi zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Asalin Wasan

Wasan ya samo asali ne daga jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, inda wani tsohon hafsan soja, Jeff Cooper, yake shirya gasar zaro bindiga da sauri. A lokacin kowa da hannu ɗaya yake harbi daga ƙugu, irin na finafinan kaboyi. Sai wani ɗan sanda mai suna Jack Weaver ya zo da sabon salo: ya riƙe bindiga da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai ido. Ya fi su jinkiri da ɗan kaɗan, amma shi yana samun abin da ya auna, su kuwa suna ɓarin harsashi. Ya lashe gasar a 1959, daga nan kowa ya bi sahunsa.

An yi gasar duniya ta farko a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1975, aka kuma kafa ƙungiyar wasan ta duniya, IPSC, a watan Mayu na 1976 a jihar Misuri, Cooper ne shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin masu nufin saiti da ƙarfi da sauri. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, domin gasar 1977 an yi ta ne a garin da yanzu ake kira Harare, ta 1979 da ta 2002 kuma a Afirka ta Kudu. A lura, wannan ba shi ne harbin da ake yi a wasannin Olamfik ba, inda ɗan wasa yake tsayawa cik a wuri guda. A nan gudu ake yi, a durƙusa, a leƙa ta taga, a harbi alluna na kwali da na ƙarfe, wasu a tsaye wasu suna lilo.

Yadda Ake Lissafin Maki

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda bai gane lissafin ba ba zai gane dalilin kowace dabara ba. Kowane allon kwali an kasa shi gida uku. Tsakiya, wato gidan A, maki 5 ne. Gidan C da na D da ke kewaye da shi makinsu bai kai haka ba. Yawanci harsashi biyu ake buƙata a kowane allo, wanda kuma ya kuskure gaba ɗaya za a zaftare masa maki 10. Akwai kuma allunan da aka hana taɓawa, su ma maki 10 ne tararsu. Alƙali yana biye da ɗan wasa riƙe da wata 'yar na'ura mai jin ƙarar harbi tana ƙirga lokaci. In an gama, sai a raba makin da aka samu da yawan sakan da aka ɓata. Abin da ya fito shi ne sakamako.

Bari mu ɗauki misali da zagaye mai harsashi 12, wanda cikakken makinsa 60 ne. Na farko ya natsu, duk harsasansa suka shiga tsakiya, ya sami 60 cikin sakan 15. Sakamakonsa 4 ke nan. Na biyu ya ɗan saki jiki, wasu suka faɗa gefe, ya sami 50 cikin sakan 10, sakamakonsa 5. Na uku ya yi ta kamar walƙiya cikin sakan 8, goma a tsakiya, biyu sun bi iska. Makinsa 50, a cire 20, saura 30, a raba da 8, ya tashi da 3.75. Ka ga wanda ya fi kowa sauri shi ne na ƙarshe, wanda ya fi kowa saiti kuma bai zo na ɗaya ba. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, amma a wannan fage nawar ma ba ta tsira ba.

Saura ƙarfi, kalma ta uku a taken. Ana auna nauyin harsashi da ma'aunin giren, a ninka da gudunsa na ƙafa nawa cikin sakan ɗaya, a raba da 1,000. Dole sakamakon ya kai 125 kafin a ƙirga wa mutum maki. Wannan shi ne ƙaramin ƙarfi. Wanda ya kai 160 ko 170, gwargwadon rukuninsa, ya shiga babban ƙarfi. Harsashin milimita 9 mai giren 124, kimanin giram 8, da ke gudun ƙafa 1,100 zai ba da 136, ƙaramin ƙarfi ke nan. Amfanin babban ƙarfi shi ne gidan C maki 4 ne, D kuma 2, alhali mai ƙaramin ƙarfi 3 da 1 zai samu. An yi haka ne don a saka wa wanda ya yarda ya jure shurin bindiga mai ƙarfi.

Dabarun Harbi

Kafin a zo kan saiti, darasin farko kiyaye rai ne, kuma a ganina nan ne wasan ya fi burgewa. Ba a ɗura harsashi sai alƙali ya ba da umarni. Bakin bindiga ba ya juyowa bayan fili ko ya ratsa jikin mai ita ko na wani. Yatsa ba ya shiga wurin kunama yayin gudu ko sauya gidan harsashi, sai ana auna allo. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, ko bindiga ta suɓuce masa ta faɗi ana cikin zagaye, an kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ne zakaran duniya, ko da ba wanda ya ji ciwo. Mu da muka saba jin labarin "harbin kuskure" a shingen hanya ko wurin biki, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Su a wurinsu bindiga ba ta tashi da kanta, yatsa ne ke tayar da ita.

Tsayuwar Weaver ta yi zamaninta. Tun shekarun 1980 irin su Rob Leatham da Brian Enos suka yaɗa wadda ake yi yanzu: a fuskanci allo gaba da gaba, a buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, a ɗan rusuna gwiwa, nauyin jiki ya karkata gaba, hannaye biyu a miƙe. Riƙo kuwa ana yin sa ne can sama kusa da bututu gwargwadon iko, don kada bakin bindiga ya riƙa tsalle. Abin da sabon shiga ba ya tsammani shi ne hannun da ba ya jan kunama shi ke matsewa sosai. Dalili kuwa, in ka damƙe hannun dama da ƙarfin tsiya, yatsan harbi zai sandare, in ya motsa sauran yatsu su motsa tare da shi. Shi ya sa na-dama mai koyo yake yawan samun harsashinsa a ƙasa ta hagu. Sai ya ɗora wa bindiga laifi, alhali shi ne ya fizgi kunama, ko ya tokare tun kafin shurin ya zo.

Wani abin mamaki, ba a saurin jan kunama gwanaye suke tsere wa juna ba. Tazarar harbi biyu a allo na kusa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ga mafi yawansu. Lokaci yana zurarewa ne a tsakanin allo da allo, da tsakanin wuri da wuri. Don haka ido ke riga bindiga isa allo na gaba, ana kuma sauya gidan harsashi ne ana cikin tafiya, ba a tsaye ba. Kafin a fara akan ba 'yan wasa 'yan mintoci su zagaya filin hannu wofi, kowa ya tsara ta inda zai bi da inda zai sauya. Akasarin atisayensu ma ba harsashi a ciki. Bindiga wofi ake maimaita zarowa da aunawa da ita, har hannu ya haddace.

Zaɓen Kaya

Da wasan ya bunƙasa, masu hali suka shiga yi wa bindigoginsu kwaskwarima. A 1990 Doug Koenig ya lashe gasar duniya a Ostireliya da wani madubi mai jan ɗigo a kan bindigarsa, maimakon 'yan ƙarafan saiti na gaba da baya. Ganin kuɗi na neman rinjayar gwaninta, sai aka kasa gasar rukuni-rukuni. Zan laƙaba musu sunayen Hausa don sauƙi.

Akwai buɗaɗɗen rukuni, inda aka yarda da madubi da wani ƙarfe mai huji a bakin bututu da ke fitar da hayaƙi sama ya danne tsalle. Nan ne kuɗi ke magana. Akwai rukunin akwati, inda dole bindiga ta shige akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, zurfi 45. Akwai rukunin 'yar kanti, wato bindiga kusan yadda kamfani ya ƙera ta, harsashi 15 kacal a gida, kowa kuma a ƙaramin ƙarfi ake lissafa shi. Daga baya an ƙara wani na 'yar kanti mai madubi, ga kuma na libarba.

A rukunin 'yar kanti za ka ga bambancin bukatar ɗan wasa da ta jami'in tsaro. Glock 17 ta ƙasar Ostiriya, mai jikin roba, nauyinta kimanin giram 700 ne, ta dace da wanda zai wuni da ita a ƙugu. CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, wadda ta fito a 2016, ƙarfe ce zalla mai kimanin kilo 1.3, kuma saboda nauyin nan 'yan gasa suke rububinta, domin nauyi yana shanye shuri. Sauran kayan su ne ɗamara mai tauri, da kube wanda dole ya rufe kunama ruf, da aljihunan gidan harsashi, da tabarau da abin toshe kunne, waɗanda ba a shiga fili sai da su. Da a Yola za a yi, sai a ƙara lissafi biyu: zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 ya jiƙa tafin hannu da gumi, da ƙurar hunturu da ke haɗuwa da man bindiga ta zama taɓo.

To, kaya ne ko hannu? Ni dai hujjata Eric Grauffel ne, Bafaranshen da ya fara cin gasar duniya a buɗaɗɗen rukuni a 1999, ya riƙe kambin har 2011. A 2014 ya ajiye madubi da duk tarkacen, ya shiga rukunin 'yar kanti, ya sake cinyewa. Ban ce kaya ba su da amfani ba. Madubi na taimakon wanda idonsa ya fara rauni, kunama mai laushi kuma na rage fizga. Amma duk wannan kan rage ɗan abin da bai kai sakan ba ne, kuskure ɗaya kuwa maki 15 yake ci, 10 na tara da 5 da aka rasa.

Mu Fa a Nan?

Kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya nufi kasuwar Jimeta neman fistol. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da danginta lasisinsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta da ta iska na hannun Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna cikin haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne mai tsawo. Shi ya sa gasar harbi a ƙasar nan ta fi ƙarfi a wurin masu kaki, kamar gasar ƙananan makamai ta rundunar soja da wasannin 'yan sanda.

Ba mu kaɗai ke da doka mai tsauri ba. A Hon Kon da Taiwan da Japan farar hula ba ya samun fistol cikin sauƙi, sai suka koma yin wasan da bindigar da ke harba 'yan ƙwallayen roba da ƙarfin iskar gas. IPSC ta amince da wannan reshe, har aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Hon Kon a 2018. Lissafin maki iri ɗaya ne, dokar kora ma haka, tabarau kuma wajibi ne. Wannan na ƙarshe ya sa na tuna da bindigogin roba masu 'yan duwatsu da yaranmu ke saye da kuɗin barka da salla, suna auna fuskar juna da su a lungunan Jimeta, ba tabarau ba alƙali.