Me ya sa isansi ke gudu daga kwalba, ruwa kuma ke sanyi a randa?

Duk wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Birnin Ƙonni zuwa Tsernawa, Malbaza da Galmi ya saba ganin tebura a bakin titi, an jera kwalabe cike da man fetur, wato isansi, ƴan kabu-kabu na tsayawa suna sayen lita ɗaya ko rabi. Tun kafin a iso teburin hanci ya riga ya ji wari. Kusa da wurin kuma sau da yawa akwai randa ko tulu na ruwan sha. Shi ba ya wari, kuma ko rana ta take sai a same shi da sanyi. Rana ɗaya ce ke dukan su, amma ɗaya na tserewa cikin iska, ɗayan na zaune yana huce zafi. Masana kimiyya sun daɗe da gano dalilin haka, kuma saninsa na iya hana asarar kuɗi, har ma da ta rai.

Kokawa tsakanin zafi da riƙo

Kowane abu, ruwa ne ko mai ko gishiri, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A makaranta ana kiran irin na ruwa da na mai molekil. Ƙanƙantarsu ta kai cewa waɗanda ke cikin ɗigon ruwa ɗaya sun ninka yawan mutanen duniya fiye da sau miliyar 100.

Waɗannan ƙwayoyi suna jan juna, kowace na riƙe da maƙwabciyarta. Zafi kuma yana motsa su, yana neman raba su. Halin kowane abu yana fitowa ne daga wannan kokawa. Idan riƙo ya kayar da zafi, ƙwayoyin sai su tsaya wuri ɗaya kamar tubali a jikin gini, abu ya zama daskararre. Idan an yi kunnen doki, suna manne da juna amma suna zamewa suna canza wuri kamar jama'a a cikin kasuwa, abu ya zama mai kwarara. Idan zafi ya yi nasara, kowace ta kama gabanta, abu ya zama tururi ko iska.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Johannes van der Waals, shi ne a 1873 ya shigar da wannan jan juna cikin lissafin yadda iska ke komawa ruwa. Aikin ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1910, kuma har yau ana kiran irin wannan riƙo da sunansa. A 1930 Bajamushe Fritz London ya bayyana yadda ko ƙwayoyin da ba su da wani caji a fili suke jan juna kaɗan-kaɗan.

Inda ruwa ya fi saura

Ƙwayar ruwa tana da oksijan ɗaya da idirojan biyu. Gefen oksijan na ɗauke da ɗan cajin lantarki iri ɗaya, gefen idirojan na ɗauke da kishiyarsa. Saboda haka kowace ƙwaya tana kama da ɗan ƙaramin mayen ƙarfe: kan wannan na kama gindin waccan, kuma ɗaya na iya riƙe har huɗu a lokaci guda. Wannan shi ake kira ɗaurin idirojan.

Ƙarfinsa yana bayyana idan aka kwatanta ruwa da iskar metan, wadda ke fitowa daga ruɓaɓɓiyar kashin shanu. Nauyin ƙwayoyinsu kusan ɗaya ne, 18 da 16. Amma metan, da ba ta da wannan ɗauri, tana zama iska tun daga digiri 161 ƙasa da sifili, ruwa kuwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Ba don ɗaurin idirojan ba, da babu ruwa a rijiya, babu a madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin noman rani na Ƙonni. Da duk ya zama tururi.

Tsanin mai, daga gas zuwa kwalta

Ƙwayoyin mai kuwa sarƙa ce ta karbon da idirojan, babu gefe mai caji. Abin da ke riƙe su shi ne ɗan raunanan jan nan da London ya bayyana, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da tsawon sarƙar. Butan da ke cikin tukunyar gas ta girki yana da karbon 4, ya riga ya zama iska tun kusa da digiri sifili, shi ya sa sai an matse shi cikin ƙarfe. Mai karbon 5 yana tafasa a digiri 36. Daga nan sarƙa na ƙara tsawo, mai na ƙara kauri: kananzir, gazuwal, baƙin man inji, har zuwa kwaltar da ake shimfiɗa wa titi. Aikin matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ya dogara a kan wannan bambanci: ana dafa ɗanyen mai, kowane kashi ya tashi a nasa zafin, a tare shi daban.

Isansi gauraye ne na sarƙoƙi masu karbon daga 4 zuwa 12. Mafi sauƙinsu suna fara tafasa tun tsakanin digiri 30 da 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Ƙonni yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ke nan kwalbar da ta wuni a rana ba tare da murfi mai kyau ba tana zubar da kayanta cikin iska, kuma warin da ake ji shi ne man da ya tafi. Asarar biyu ce. Mai sayarwa ya rasa wani abu daga litarsa. Mai saye kuma ya samu man da sassauƙan kashinsa ya gudu, alhali shi ne ke taimaka wa inji ya tashi da safe.

Raunin riƙon yana kuma sa isansi kumbura da zafi fiye da ruwa. Kowane digiri ɗaya yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin dubu. Bido mai lita 25 da aka cika maƙil da sanyin asuba, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20 zuwa azahar, man cikinsa zai nemi ƙarin wurin kusan rabin lita, ga kuma tururi na matsa murfi. Daga nan ne bido ke kumbura, ya yi yoyo ko ya fesa wa mai buɗewa.

Tururin ne ke kama wuta

Abin da ke ci da wuta a isansi shi ne tururin da ke tashi daga samansa. Isansi yana fitar da tururin da ya isa ya kama wuta tun daga wajen digiri 40 ƙasa da sifili, wato a kowace rana ta shekara a Nijar. Gazuwal sai ya wuce digiri 55 yake yin haka, shi ya sa bai kai isansi haɗari ba wajen ajiya.

Tururin isansi ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse, yana bin ƙasa ne kamar ruwa, ya taru a rami, a lambatu, a ƙasan ɗaki. Idan ya kai tsakanin kashi 1,4 da 7,6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Garwashin mai shayi, guntun taba, murhun mai tuya ko tartsatsin injin babur da ke nesa da taku da yawa na iya kunna shi, wutar ta biyo shi har zuwa bido.

Haɗarin ya fi muni inda mai ya malale da yawa. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayun 2019, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna ɗiba, ta fashe, aƙalla mutum 55 suka rasu nan take. A watan Oktoban 2024 irin haka ya faru a garin Majiya na jihar Jigawa a Najeriya, inda fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Wanda ke tsaye kusa da man da ya malale yana tsaye ne cikin tururi, ko da ƙafarsa ba ta taɓa man ba.

Abin da ya sa ruwa ba ya kashe wutar mai

Ƙwayoyin ruwa sun fi son junansu, ba sa buɗa wa na mai hanya, don haka ruwa da isansi ba sa gaurayuwa. Lita ɗaya ta isansi kuma nauyinta wajen giram 750 ne, ta ruwa kilo ɗaya. Idan aka watsa ruwa a kan isansi mai ci, ruwan zai nutse, man ya hau kansa, ya bi shi duk inda ya kwarara da wutarsa. Yashi, ƙasa, murfi ko kumfar ƴan kwana-kwana su ne ke aiki, domin suna raba tururin da iska. Haka abin yake ga man gyaɗa da ya kama wuta a kasko: a rufe shi, kada a zuba ruwa.

Ƙa'idar dai ita ce, abu yana narkar da mai irin riƙonsa. Gishiri, sukari da kanwa suna narkewa a ruwa domin ƙwayoyin ruwa na iya kama su ta gefensu mai caji. Baƙin mai yana narkewa a isansi. Ruwan da ya shiga isansi yakan kwanta a gindin kwalba, mai lura zai gan shi. Amma isansi da kananzir suna gaurayuwa sarai ba tare da wata alama ba, kuma kananzir ɗin da isansi ya shiga yana iya fasa fitila ko risho. Sabulu ne ke sasanta ɓangarorin biyu: kan ƙwayarsa na kama ruwa, jelarta na kama maiƙo. Shi ya fi dacewa da hannun bakanike, domin isansi yana kwashe maiƙon fata ya bar ta a tsage, kuma yana ɗauke da sinadarin benzen da aka tabbatar yana haddasa kansar jini.

Akwai wani haɗarin da ba a cika magana a kai ba. Riƙon da ke saman ruwa, wanda ke sa ɗigo ya dunƙule a kan ganye, ya ninka na isansi fiye da sau uku. Isansi da kananzir ba sa dunƙulewa, bazuwa suke yi. Ɗan kaɗan da ya sarƙe mai zuƙo mai da tiyo a baki yana iya shimfiɗuwa cikin huhu ya ƙona shi. Yaron da ya sha kananzir daga gorar ruwa, kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai man cikin huhu. A garzaya da shi likita.

Randa, zufa da siminti

Ƙarfin riƙon da ke hana ruwa gudu shi ne kuma ke sanyaya shi. Jikin randar yumɓu cike yake da ƙananan ƙofofi. Yumɓu na jan ruwa, ruwa na jan ɗan'uwansa, har ya tsattsafo waje. A can ƙwayoyin da suka fi zafi ne kaɗai ke iya ƙwacewa, kuma kowace na tafiya da zafin da ta yi amfani da shi wajen tsinke ɗaurin. Mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A lissafi, lita ɗaya da ta tashi daga randa mai lita 50 tana kwashe zafin da ya kai wajen digiri 10, ko da yake iskar waje na mayar da wani kashi. Bido na roba ba shi da ƙofofi, shi ya sa ake naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Zufa ma haka take aiki a jikin mutum. Dabarar ta fi ci a busasshiyar iskar bazara da hunturu, tana raguwa da damina.

Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan hikima ta hanyar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye tumatir da ganye kwanaki ba tare da lantarki ba. Ya samu kyautar Rolex a kan haka a shekarar 2000. Masu lambu na iya gwada ta da tukwanen da ake ginawa a gida.

A Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, ana gasa farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai wajen digiri 1450. Garin da ke fitowa yana ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa: ruwan yana shiga jikinsa, su gina ƙananan duwatsu masu sarƙe juna da yashi. Idan rana da iska suka kwashe ruwan da wuri, aikin ya tsaya a rabi, bulo ya riƙa marmashewa. Shi ya sa magina ke shayar da bulo da dabe safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare.

Abin kiyayewa

Ga mai sayar da isansi da mai ajiye shi a gida, ka'idojin ba su da yawa. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana da madafa. A bar sarari a saman bido, a rufe shi sosai, a buɗe a hankali. Kada a zuba mai a babur ko injin wuta yana aiki ko yana da zafi. A tanadi bokitin yashi kusa da tebur. Kada a zuba isansi ko kananzir a gorar ruwan sha. Idan tanka ta kife, a yi nesa da ita, a bi ɓangaren da iska ke fitowa, a guji gangare, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.