Shokazoban Gaba na Babur da Lafiyar Mahayi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Achida da sassafe a lokacin cirar albasa, ya ga yadda babura ke shigowa daga ƙauyukan fadamar Rima, kowanne an labta masa buhuna, mahayi ya matsa har bisa tankin mai don ya bar wa kaya wuri. Haka abin yake a Wurno da Goronyo, inda ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ke taimaka wa noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa. Haka kuma yake a ƙasar Rabah, inda ƙauyuka da yawa suke nesa da kwalta. Babur ya gaji wani babban kaso na aikin jaki da raƙumi. Shi ke kai amfanin gona kasuwa, shi ne kuma ake tasa cikin dare idan za a kai mai naƙuda asibiti.

To sai dai idan aka tambayi ɗan kabu-kabu abin da ya fi kulawa da shi a babur ɗinsa, zai ambaci inji da sarƙa da taya. Da wuya ya tuna da sandunan nan biyu da suka sauko daga kan babur suka riƙe tayar gaba, waɗanda makanikai ke kira shokazoban gaba. Akasarin mutane sun ɗauka amfaninsu kawai shi ne jin daɗin zama. Wannan kuskure ne. Babban aikinsu shi ne tabbatar da cewa tayar gaba ba ta rabu da ƙasa ba. Wurin da taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma ta wannan ɗan wuri ne kaɗai birki ke kamawa, ta nan ne kuma babur ke juyawa. A duk lokacin da taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne, to a wannan lokaci mahayi ba shi da birki, ba shi da ikon sarrafa kai.

Abin da ke cikin sandar

Kowace sanda bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya. A ciki akwai abubuwa biyu masu aiki daban: sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, da kuma mai. Kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya fitar da babur mai irin wannan tsari na mai a 1935, kamfanin Harley-Davidson na Amurka kuwa ya sa shi a manyan baburansa a 1949. Babura irin su Bajaj Boxer da suka cika hanyoyin Sakkwato har yanzu a kan wannan tsari suke.

Sifirin yana bin wata ƙa'ida da masanin nan ɗan Ingila Robert Hooke ya wallafa a 1678: gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawarsa. Idan kilo 10 ya lotsa shi da santimita 1, kilo 20 zai lotsa shi da santimita 2. Amma sifirin yana da wani aibi. Ba ya cinye ƙarfin dukan da ya sha, ajiye shi yake yi ya mayar. Babur mai sifirin kaɗai, idan ya faɗa rami sau ɗaya, zai yi ta sama da ƙasa bayan an wuce ramin. A nan mai ke shigowa. Duk lokacin da bututun ya motsa, sai ya tilasta wa man bi ta wasu ƙananan huda. Man ba ya wucewa da sauƙi, saboda haka ƙarfin dukan sai ya rikiɗe ya zama zafi, iska ta tafi da shi. Sifirin ke ɗaukar nauyi, mai kuma ke kwantar da tsalle.

Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga wannan a matsayin baƙon abu ba, domin ƙafarsa haka take. Agara, wato kakkaurar jijiyar da ta haɗa dunduniya da tsokar sha-raɓa, tana miƙewa idan ƙafa ta taka ƙasa, sannan ta koma ta mayar da ƙarfin, daidai yadda sifirin ke yi. Tsokar cinya kuwa, idan mutum ya diro daga katanga ya lanƙwasa gwiwa, tana miƙewa a hankali tana turjiya, tana mai da ƙarfin dirowar zafi. Wannan shi ne aikin mai. Wanda ya diro da gwiwa a miƙe ya san abin da ƙashin bayansa ke ji. Mahayan dawakin da suka tsare ribaɗin Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, da wannan ƙa'ida suke aiki ba tare da an rubuta musu ita ba. Mai sukuwa yakan ɗaga jikinsa daga sirdi ya dogara da likafa, gwiwoyinsa su sha girgizar da gadon bayansa zai sha. Mahayin babur da ya matsa bisa tanki saboda buhunan albasa ba shi da wannan dama, don ba shi da wurin ɗagawa.

Girgiza da jikin mutum

Ƙashin bayan ɗan Adam ƙananan ƙasusuwa ne a jere, tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi guda 23, kowanne da taushin ciki kamar matashi. Binciken masana lafiyar ma'aikata ya nuna cewa jikin mutumin da ke zaune ya fi amsa girgizar sama da ƙasa mai maimaituwa sau 4 zuwa 8 a sakan ɗaya. A wannan tsakani jiki ba ya rage girgizar, ƙara ta yake yi. Sai a auna wannan da hanyar burji mai gargada. Idan tsakanin tudu da tudu mita ɗaya ne, babur kuma yana tafiyar kilomita 18 a awa, wato mita 5 a sakan, to mahayi na shan duka sau 5 a kowane sakan, daidai inda ƙashin baya ya fi rauni. An tabbatar da dangantaka tsakanin shekaru na irin wannan girgiza da ciwon baya a wurin direbobin tarakta da manyan motoci. Girgizar da ke bi ta hannu kuwa tana iya taɓa jijiyoyin yatsu, har mutum ya riƙa jin sun mutu ko suna masa tsira. Ɗan kabu-kabun da ke sauka da dare yana yarfa hannu, yana dafe ƙugu, ba koyaushe ne laifin shekaru ba.

Gyaran da ake yi, da wanda ya kamata

Don a fahimci gyara, a ɗauki misalin lissafi. A ce sandunan biyu suna da filin motsi na santimita 12, kuma sifirin ɗinsu a haɗe yana lotsawa santimita 1 ga kowane kilo 10. Idan gaban babur da mahayi na ɗauke da kilo 60, da sun lotsa santimita 6, rabin fili ya tafi tun ba a tashi ba. Saboda haka masu ƙira sukan danne sifirin tun a masana'anta, a ce da santimita 3, yadda idan mahayi ya hau sanda za ta nutse santimita 3 kawai. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce nutsewar zama ta kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na filin motsi. Sauran fili na sama don tudu ne da birki. Wanda aka nutse ɗin ma ba asara ba ne, shi ne ke ba taya damar miƙewa ta bi rami zuwa ƙasa maimakon ta rataya a iska.

Yanzu a taka birki da ƙarfi. Nauyi zai rinjaya gaba, kuma ga babur mai kaya, ƙarin kilo 60 a kan tayar gaba ba abin mamaki ba ne. Sanda ta ƙara nutsewa santimita 6, ta kai 9, saura 3. Idan aka ci karo da dutse a wannan hali, ko sifirin ya riga ya gaji, sai ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wannan ƙarar ce mahaya ke ji, kuma daga nan taya ta zama tamkar ba ta da shokazoba.

Maganin da ya fi yawa a garejin gefen hanya shi ne a yanko guntun bututu a cusa a saman sifirin. Mutane na cewa an ƙara masa ƙarfi, alhali ba a ƙara ba. A misalin da ya gabata, guntun santimita 2 zai sa nutsewar zama ta koma santimita 1, amma har yanzu kilo 10 ne ke lotsa santimita 1. Abin da aka yi kawai shi ne ɗaga gaban babur. Ɗan kaɗan yana da amfani idan sifirin ya kwanta. Idan ya yi yawa, taya ba ta da sauran filin bin rami, kuma murɗin sifirin na iya haɗewa ya zama sandar ƙarfe kafin bututu ya kai ƙarshe. Mai ɗaukar kaya kullum, abin da yake bukata shi ne sifirin mai ƙarfi na ainihi. Akwai kuma wanda murɗinsa ya matsu a gefe ɗaya ya buɗe a ɗaya gefen, mai taushi ga ƙananan gargada, mai tauri idan an nutsa shi sosai. Wani abin mamaki da ɗalibai kan yi gardama a kai: sifirin da aka yanke aka gajarta, tauri yake ƙarawa, domin murɗi kaɗan ne suka rage su raba lotsawar.

Batun mai ya fi wannan muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Akwai baburan da tun fitowarsu daga kwali ba a taɓa canja musu man sanda ba. Wasu kuma baƙin man da aka juye daga inji ake zuba musu, da dattinsa da ɓarɓashin ƙarfe. Man sanda na musamman ne, ana sayar da shi da lambar kauri kamar 5 da 10 da 15. Mai kauri ya fi kwantar da tsalle, shi ya sa makanike kan so shi, musamman da yake zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, mai kuwa tsinkewa yake yi da zafi. Amma akwai tarko. Turjiyar da mai ke yi a ƙaramar huda tana ƙaruwa da sauri fiye da gudun motsin: idan gudun ya ninka biyu, turjiya na iya ninka kusan huɗu. Ma'ana, irin wannan sanda tana da laushi ga motsi mai sanyi kamar nutsewar birki, tana da tauri ga duka na farat ɗaya kamar bakin ramin kwalta. Wanda ya zuba mai kauri ƙwarai ya magance na farko, ya tsananta na biyu, kuma wuyan hannunsa ne zai biya. A ƙasashen Turai da Amurka masu manyan babura suna warware wannan da wani ƙaramin bawul da ake sakawa a ciki, mai buɗewa idan duka ya yi tsanani. A Goronyo, abin da ke hannu shi ne a bi lambar da kamfani ya faɗa, ko a hau mataki ɗaya kawai.

Yawan man ma yana da tasiri. Iskar da ta rage a saman mai tana matsuwa idan sanda ta nutse, ta zama sifirin na biyu. Ƙarin mai kaɗan yana hana bugun ƙarfe, ƙari mai yawa yana fasa robar da ke tare mai. Dole a auna, kuma sandunan biyu su zama daidai. Ita robar kuwa, babban abokin gabarta shi ne ƙurar hunturu da yashin fadama. Ƙura kan manne a bututu ta goge robar, mai ya fara tsiyaya, ya gangaro wajen birki. Rigar roba mai ninki da ke rufe bututun ba ado ba ce. Wanda ya yar da ita don babur ya yi ƙyalli ya sayi wahala da kuɗinsa.

Karkatar sanda da labtun kaya

Sandunan gaba ba a tsaye cak suke ba, sun karkata, ƙasansu ya miƙa gaba. A baburan tsere karkatar takan kai digiri 24 zuwa 25. A manyan baburan yawon shaƙatawa irin na Harley-Davidson, masu ƙasa-ƙasan sirdi da dogon gaba, takan kai 30 ko fiye. Idan aka ja layi ta wuyan babur har ƙasa, zai sauka gaba da inda taya ta taɓa. Wato taya biyo layin take yi daga baya, kamar akuyar da ake ja da igiya, kuma wannan ne ke sa kan babur ya miƙe da kansa. Karkata mai yawa na ba da natsuwa a miƙaƙƙiyar hanya, amma juyawa na yin nauyi, bututun kuma na gogar juna ta gefe, su ƙi amsa ƙananan gargada.

Abin lura shi ne mahayi na canja wannan ma'auni ba da saninsa ba. Idan sanda mai laushi ta nutse da birki, karkata na raguwa, kai ya yi rawa daidai lokacin da ake bukatar natsuwa. Idan kuma aka ɗaure buhuna uku a baya, har wasu suka wuce tsakiyar tayar baya, sai baya ya zauna, gaba ya ɗaga, tayar gaba ta rasa nauyin da ke manna ta da ƙasa. A cikin yashi, irin wannan babur zamewa yake yi a kwana. Babu gyaran sandar gaba da zai magance wannan. Sai an matso da kaya gaba, an ƙara danne shokazoban baya, ko an rage buhu ɗaya. Kafin a zargi sanda kuma, a duba iskar taya da boris ɗin wuya, domin sakakken boris yana kawo ƙara da rawar kai irin ta lalatacciyar sanda.

Malamin kimiyya na iya gwada duk wannan da ɗalibansa a farfajiyar makaranta, ba ya bukatar komai sai babur da awon tela. A ɗora babur bisa tsayuwarsa ta tsakiya, a danne baya har tayar gaba ta rataya, a auna daga ƙusar tsakiyar taya zuwa wani tabbataccen wuri a ƙasan wuya, ana bin tsawon sanda. A sauke shi, mahayi ya zauna ya ɗora ƙafafu, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin shi ne nutsewar zama. Sannan a kama birkin gaba a danna kai da ƙarfi a saki: lafiyayyar sanda za ta taso sau ɗaya ta tsaya, wadda manta ya ƙare za ta yi ta lilo. Daga nan a aza buhun hatsi a baya a maimaita awon, a rubuta santimita nawa gaban ya ɗaga.