Idan Aure Ya Mutu a Zango: Ina Makomar Mata da Yara?

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ko harshe da haƙori ma suna saɓawa, balle mata da miji. To amma abin da ke damun jama'a a zangunanmu, daga Nima da Mamobi har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, shi ne yadda ake rabuwa idan saɓanin ya kai ga saki. Mu malaman makaranta mukan ga alamar tun kafin labari ya bazu. Yaro mai ƙwazo ya fara zuwa a makare, ba littafi ba kuɗin abinci, daga nan sai kujerarsa ta zama wayam. In an bincika sai a tarar an saki uwarsa, an kai shi wurin kaka a wani gari, ko kuma ya koma talla a tasha.

Mu Musulmin Gana dokoki biyu ne ke kanmu a wannan al'amari, wato shari'ar Musulunci da dokar ƙasa. Mafi yawan wahalar da iyalai ke sha tana zuwa ne daga rashin sanin duka biyun.

Abin da addini ya shimfiɗa

Kafin a kai ga saki, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a ɗauko mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Idan sulhu ya faskara, sunna ita ce a yi saki ɗaya cikin tsarkin da miji bai kusanci matar ba. Za ta yi idda ta tsarki uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Idan sakin na kome ne, to a ɗakinta za ta zauna, ci da sha da sutura duk suna wuyan miji. Ke nan al'adar nan ta watso kayan mace waje da tsakar dare ba ta da gindi a addini.

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, riƙon yara haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta sake aure, riƙon yakan koma wurin mahaifiyarta. Ciyarwa kuwa tana kan uba ko a hannun wa yaran suke.

Takardar da muke rainawa

Tun shekarar 1907 akwai dokar da ta ce a yi rajistar auren Musulmi. Ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasin za su je wurin mai rajistar aure na gunduma cikin mako guda da ɗaurin aure. Haka shi ma saki, a yi rajistarsa cikin wata guda. Dokar ta ce auren da ba a rubuta ba, ko sakin da ba a rubuta ba, bai inganta ba a idonta. Wanda ya makara kuwa sai ya nemi iznin Babbar Kotu.

A nan gizo ke saƙar. Mukan kashe kuɗi wurin lefe da goro da walima, amma wannan takarda ba mai tunawa da ita. Ranar da rigima ta kai kotu sai mace ta fara da neman shaidun da za su tabbatar cewa an taɓa aurenta ma. Takardar da masallaci ya bayar tana da amfani wurin shaida, sai dai ba ita ce rajistar da doka ke nufi ba. Saboda haka ya kamata waliyyi ya tambayi limami tun kafin ranar ɗaurin aure ko yana da lasin.

Haƙƙin yara da dukiya

Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ba ta tambayar ko iyaye suna tare ko sun rabu. Ta ɗora musu ciyarwa da magani da karatu da wurin kwanan yaro har ya kai shekara 18, kuma kotu na iya tsawaita wannan idan yana karatu ko koyon sana'a. Wanda aka bar wa yara ba taimako yana iya zuwa ofishin Jin Daɗin Jama'a na gunduma, inda ake kiran ɗaya ɓangaren a zauna a daidaita. In ya ƙi, sai a wuce Kotun Iyali. Ita wannan kotu tana duba abin da ya fi wa yaro alheri, tana kuma la'akari da muhimmancin zaman ƙaramin yaro tare da uwarsa. Wanda bai sami riƙo ba yana da damar neman a bar shi ya riƙa ganin 'ya'yansa.

Game da dukiya, sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1992 ya ce abin da ma'aurata suka tara tare a raba shi bisa adalci idan aure ya mutu. A shari'ar Mensah da Mensah ta 2012, Kotun Ƙoli ta nuna cewa girki da wanki da renon yara su ma gudummawa ce. Har ila yau Dokar Filaye ta 2020 ta hana miji ko mata sayar da filin da aka saya a cikin aure ba tare da rubutacciyar yardar ɗayan ba. Wannan ya shafi matanmu masu sayar da koko da waake waɗanda da ribarsu aka sayi bulo da kwano. Mai ƙaramin ƙarfi da ba ya iya ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a. Inda kuwa ake duka ko barazana, a garzaya sashen 'yan sanda na DOVVSU, kada a ce sai an jira sulhu.

Aikin da ke gabanmu

Mun san da yawa suna ganin kai miji ƙara abin kunya ne, wai tonon asirin gida. To hanyar rufa asiri ita ce a gama magana tun a zauren sarkin zango ko gaban limami, amma a rubuta. A bayyana wanda zai riƙe yara, sidi nawa uba zai bayar kowane wata, wa zai biya kuɗin makaranta da na inshorar lafiya, da ranakun ziyara. Kowa ya sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Alkawarin baka da aka yi cikin fushi ko kunya ba ya kai wata uku.

Muna roƙon iyaye su sanar da shugaban makaranta idan irin wannan ta faru, kuma in da hali a bar yaro ya ƙarasa shekarar karatunsa kafin a ɗauke shi. Kada a mai da shi ɗan aike tsakanin uwa da uba, kada kuma a zagi ɗaya a gabansa. Muna kira ga limamanmu su nemi lasin, su riƙa bayyana waɗannan hukunce-hukunce a huɗuba da wurin wa'azin mata. Saki yana raba miji da mata ne kawai, ba ya raba uba da ɗansa, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, amin.