Kitsen Kaza Daga Cimarta Yake Fitowa

Duk wanda ya zauna a Mayo ya san ƙamshin da kan tashi da magariba daga wajen masu agashe. Wannan sana'a kakanninmu ne suka zo da ita daga ƙasar Hausa a kan hanyarsu ta zuwa Makka, har ta zama abincin kowa da kowa a Hartum da Omdurman, na sa ne ko na kifi ko na kaza. Haka kuma da wuya mutum ya shiga gida a unguwar bai tarar da 'yan kaji suna tone-tone a tsakar gida ba, galibi na iyayenmu mata ne, waɗanda da su ake fita kunyar baƙo, a sayi littafin makaranta, a yi wa mai jego romo.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya watsa wannan duka. Manyan gonakin kaji da ke kewayen Hartum da yawa sun tsaya, nama ya yi tsada, yara sun rame. Tun daga watan Maris na 2025, da sojoji suka karɓe babban birnin, jama'a suka fara komowa, kuma a gidaje da dama da 'yan tsaki kaɗan ake sake ɗaura ɗamarar neman abinci. To, tun da daga tushe za a fara, muka ga ya kamata mu yi magana a kan abin da ake zuba wa kajin nan, domin shi ne zai dawo cikin tukunyarmu.

Kaza ba kamar saniya ko tunkiya take ba. Dabba mai tuƙa tana da tumbi cike da ƙananan halittu waɗanda ke sauya man da ta ci kafin ya shiga jini, shi ya sa kitsen sa yake daskarewa kowane irin abinci aka ba shi. Ita kuwa kaza, man da ta ci yakan wuce zuwa fatarta da cinyarta da gwaiduwar ƙwanta kusan yadda ya shiga. Watau mai kiwo shi ke zaɓen irin kitsen da iyalinsa za su ci.

Akwai mai iri biyu waɗanda jikin ɗan Adam ba ya iya yi da kansa, dole sai ya ci: omega-6 da omega-3. Na farkon ba mu rasa shi, domin riɗi da gyaɗa da dawa cike suke da shi, kuma su ne cimarmu, su ne kuma cimar kajinmu, tun da abincin kaji a Sudan dawa ce da dusar alkama da ambaz, watau tunkuzar gyaɗa ko ta riɗi. Na biyun shi ne mai wuyar samu ga wanda ba ya cin kifi a kai a kai. Shi ne ake buƙata wajen ginin ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki, yana kuma rage maiƙon da ke yawo cikin jini. Likitoci biyu 'yan ƙasar Denmak, Bang da Dyerberg, su ne suka jawo hankalin duniya gare shi a shekarun 1970, da suka binciki mutanen Girinlan masu rayuwa a kan kifi da naman teku.

Abin da ya fi shafarmu shi ne rahoton da wata likita, Artemis Simopoulos, ta buga a 1989 tare da abokin aikinta. Sun auna ƙwan kajin wani ƙauye a ƙasar Girka, waɗanda ake saki suna cin ganye da ƙwari, suka tarar omega-3 da ke cikinsa ya ninka na ƙwan kantunan Amurka sau da yawa. Cikin ganyen da kajin ke ci har da rijla, ita dai wannan rijla da muke miya da ita, wadda ke fitowa da kanta a bakin lambu. An ce kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta, amma a nan alheri take tono wa mai ita.

Saboda haka hanya ta farko, mafi sauƙi, ita ce ɗanyen ganye kullum: rijla da barsim da jirjir da zogale, a yayyanka a zuba, ko a ɗaure dami a rataye inda za su riƙa tsattsaga.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayar kittan, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan yaji da magani, maƙwabtanmu Habashawa kuma suna noma ta, suna kiranta telba. Fiye da rabin man da ke cikinta omega-3 ne. A daka ta kaɗan-kaɗan, domin dakakkiya ba ta jimawa take yin ɗaci, kada kuma ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin. In ta yi yawa takan sa kashin kaji ya yi yauƙi, girmansu ya ja baya. Ba sai an ba su tun suna tsaki ba, mako biyu ko uku na ƙarshe kafin yanka sun isa a ga bambanci.

Hanya ta uku kifi ne, kuma a nan muna da gado, domin mutanenmu sun daɗe suna su a Farin Nilu, musamman wajen madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937. Kai da kayan ciki da ƙananan kifin da ba su sayuwa, a dafa su sosai, a shanya su bushe ƙarau, a daka. Man kifi ya fi na ganye ƙarfi, ko da yake bulti da tarwaɗa ba su kai kifin teku ba. Amma a yi hattara: in an cika shi, naman zai yi ƙarni, mai agashe kuwa ba zai sake saye ba. A rage shi kwanaki kaɗan kafin yanka, kada kuma a ba kaji fasikh, gishirinsa zai iya kashe su.

Sauran gargaɗi biyu. Wannan mai ba ya jure zafi da ajiya, a zafin Hartum kuwa, ga rashin wutar lantarki, gara a haɗa abincin mako guda kawai, a kuma ci naman da wuri. Sa'an nan a duba ambaz kafin a saya. Wanda ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, ita ce ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, kuma daga tunkuzar gyaɗa ta fito. Araharsa ba riba ba ce.

Kaza ba za ta maye gurbin kifi ba, wanda ya samu kifi ya ci. Amma ga gidan da kaza ɗaya ce namansu na mako, ga mai ciki da yaron da aka yaye, damin rijla da tafin kittan ba ƙaramin abu ba ne. Muna roƙon waɗanda suka gwada su gaya wa maƙwabtansu abin da suka gani, su kuma rubuto mana. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya sa albarka a abin da muke kiwo.