Koriyobsis: Furen Da Zai Ƙawata Harabar Majami'a

Da zarar damina ta ɗauke a Birnin Kudu da Gwaram, harabar majami'a takan zama fili fetal, sai ƙura. Ga wani fure da ba ya bukatar ruwa da yawa, wato koriyobsis, wanda asalinsa daga Amurka ta Arewa ne.

Yaya za a gane shi? Furensa ruwan ɗorawa ne, yawanci mai kunnuwa 8, bakin kowanne da 'yan haƙora. Tsayinsa kamar sentimita 30 zuwa 60. Irinsa ƙanana ne, masu kama da kuɗin cizo, daga nan ne ma ya sami sunansa a harshen Helenanci. Wani danginsa ne Kiristocin Habasha suke ado da shi a idin Meskel cikin watan Satumba.

Yana son rana sosai da ƙasar jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya. A yafa irin a farkon damina, kada a binne shi da zurfi. Taki ya yi yawa, sai ganye ba fure. A riƙa tsinke furen da ya bushe domin sabo ya fito. Bayan shekara 2 ko 3 a raba gindin a dasa. Zafin bazara yakan kashe shi, saboda haka a ajiye iri, a kuma yi shingen ƙaya saboda awaki.

Zumuntar mata da matasa, ga aiki. Kula da lambu shi ne hidimar farko da Allah ya ba Adamu.