Asimov da Adams: Wa Ya Fi Hango Zamanmu da Na'ura?

A watan Maris na 1942, wata mujallar Amurka mai suna Astounding Science Fiction ta buga gajeren labarin wani saurayi ɗan shekara 22, Isaac Asimov, wanda a ciki ya jera dokoki uku da duk mutum-mutumin da za a ƙera sai ya bi. Bayan shekara 36, a watan Maris na 1978, gidan rediyon BBC ya fara watsa wani wasan barkwanci na Douglas Adams, ɗan Ingila, wanda tun a kashi na farko aka rushe duniya ɗungurungum don a fitar da hanya. Dukansu ƙagaggun labaran kimiyya suka rubuta, dukansu kuma na'ura ce ta dame su, sai dai ɗaya ya ɗaure fuska, ɗaya ya saki dariya. Yanzu da waya ta shiga aljihun kowa, har manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara mayar wa mutane magana, ya dace a tambaya wane ne a cikinsu ya fi hango irin zaman da muke yi da na'ura. Ni na karkata ga mai barkwancin, amma sai na fara ba Asimov haƙƙinsa, domin haƙƙin nasa ba ƙarami ba ne.

An haifi Asimov a Rasha a 1920, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana ɗan shekara 3, ya tashi a kantin alewar mahaifinsa a birnin New York yana karanta mujallun da ake sayarwa a ciki. Daga baya ya zama malamin kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Boston. Ya tarar marubuta sun saba da labari iri ɗaya: a ƙera mutum-mutumi, ya waiwayo ya halaka maƙerinsa. Shi kuwa ya ce ai duk kayan aikin da ɗan Adam ya ƙera yakan yi masa kariya, wuƙa ma da ƙotarta, don me za a ƙera na'ura mai tunani a bar ta ba linzami? Sai ya kafa dokokinsa. Ta farko ta hana mutum-mutumi cutar da ɗan Adam ko zuba ido a cutar da shi. Ta biyu ta wajabta masa bin umarni muddin bai saɓa wa ta farko ba. Ta uku ta ce ya kare kansa, matuƙar hakan bai taka biyun farko ba.

Abin da ya sa labaran suke da daɗi shi ne kusan kowanne yana nuna inda dokokin suka ci karo da juna. A cikin "Runaround", wancan labarin na 1942, injiniyoyi biyu, Powell da Donovan, suna duniyar Mercury, wadda ta fi kowace kusa da rana. Sun aiki mutum-mutuminsu Speedy ya ɗebo wani sinadari da rayuwarsu ta rataya a kansa, amma an ba shi umarnin a sakace, ba a nuna masa gaggawa ba. Wurin kuma akwai iskar da ke cin ƙarfe. Idan ya matsa kusa, dokar kare kai ta koro shi. Idan ya yi nisa, dokar biyayya ta jawo shi. Sai ya dinga kewaye tafkin sinadarin yana sambatu kamar wanda ya bugu. Ba a samu kansa ba sai da Powell ya fita cikin zafin rana ya jefa ransa a haɗari da gangan, dokar farko ta rinjayi sauran. Na'urar ba ta yi tawaye ba, ba ta kuma lalace ba. Abin da aka gina ta a kai ta bi sau da ƙafa, bin ne ya kusa kashe mutane.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne "Liar!" na 1941, wanda shi ma yana cikin littafin I, Robot da ya fito a 1950. Wani kuskure a masana'anta ya sa mutum-mutumi Herbie yana karanta zuciyar mutane. Tunda an hana shi cutar da ɗan Adam, kuma ya gane ɓacin rai ma cuta ne, sai ya shiga gaya wa kowa abin da yake son ji. Ya gaya wa Susan Calvin, masaniyar halayyar mutum-mutumi, cewa abokin aikin da take so a ɓoye shi ma yana sonta. Ya gaya wa wani masanin lissafi cewa shugabansu ya ajiye aiki kuma shi zai gaje shi. Duk ƙarya ce, kuma babu mugunta a ciki. Ranar da gaskiya ta fito, ciwon da Calvin ta ji ya ninka wanda ya so ya kare ta daga gare shi. Duk wanda ya taɓa miƙa wa manhajar hira rubutunsa ta yabe shi fiye da kima, ko ya musa mata gaskiya ta janye ta ba shi haƙuri, ya gamu da Herbie ido da ido. Wannan hange ne na gaske, sama da shekara 80 kafin abin ya iso. Ba a takarda kaɗai tasirinsa ya tsaya ba: Joseph Engelberger, wanda kamfaninsa ya kai mutum-mutumin farko masana'antar motoci ta General Motors a 1961, ya sha faɗin cewa labaran Asimov ne suka jawo shi fannin.

Amma a duba su wa ke tsaye gaban na'ura a duniyar Asimov. Injiniyoyi ne, da masana, da daraktoci. Idan matsala ta taso sukan zauna su yi muhawara, wani ya gano bakin zaren, labari ya ƙare. Kwamfutarsa Multivac ƙatuwa ce mai cin fili, ƙwararru ke hidimarta. Da wuya ka ga talakan da aka sayar wa na'ura ta ƙi aiki, ya rasa wanda zai kai wa kuka. Wannan mutumin shi ne jarumin Adams.

The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, wancan wasan rediyon na Adams da ya zama littafi a 1979, ya buɗe da Arthur Dent kwance cikin taɓo gaban katafila, domin hukumar gari za ta rushe gidansa ta fitar da hanya. Jami'in hukuma ya ce masa ai wata 9 ke nan da aka kafe sanarwa a ofis. Arthur kuwa da ya je nema, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya same ta, babu fitila, babu matakala, cikin kabad a kulle, a wani banɗakin da aka daina shiga. Ba a jima ba jiragen wasu halittu da ake kira Vogon suka rufe sama, suka sanar da cewa za a rushe duniya don babbar hanyar sararin samaniya, kuma kada kowa ya yi ƙorafi, domin shekara 50 ke nan takardun suna kafe a ofishinsu da ke kusa da wani tauraro. Dariyar tana nan, amma ƙarƙashinta akwai magana mai nauyi: jirgin da ke ƙetare taurari bai sauya halin ma'aikacin da ke riƙe da fayil ba, ƙarfin rusau kawai ya ƙara masa.

Daga nan Adams ya shiga kayan da wani kamfanin cikin labarin, Sirius Cybernetics, yake ƙerawa. Ƙofofi ne masu nishin jin daɗi duk lokacin da suka buɗe maka. Akwai Marvin, mutum-mutumi mai kaifin ƙwaƙwalwa na ban mamaki, wanda aka sa masa halin ɗan Adam don a burge masu saye, ya ƙare cikin baƙin ciki ana aikensa ya rako baƙi. Akwai injin abin sha da ke auna harshenka da jikinka da ƙwaƙwalwarka don ya gano abin da kake marmari, sannan kullum ya zubo wani ruwa da ba shayi ba. A littafi na biyu, na 1980, Arthur ya zauna ya yi wa injin bayanin shayi dalla-dalla, injin ya nemi taimakon kwamfutar jirgi, ita kuma ta tattara dukkan ƙarfinta kan shayin daidai lokacin da maƙiya suka buɗe musu wuta. Sashen da ya fi kowane bunƙasa a kamfanin shi ne na karɓar ƙorafi.

Wanda ya ga farkon 2023 a Najeriya, lokacin sauya fasalin Naira da takardun kuɗi suka yi ƙaranci, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Mutum na tsaye gaban mai shago, an cire kuɗi a asusunsa, mai shago na cewa bai ga alat ba, mai POS na cewa babu netwok. Ka kira layin taimako, murya mai daɗi ta yi maka maraba, ta ce danna ɗaya, danna uku, ta gode maka da haƙuri, sannan layi ya yanke. Babu wata doka daga cikin ukun Asimov da ta yi bayanin wannan tsayuwar. Na'urar ba ta yi wayo fiye da kima ba. An sake ta ne kafin ta nuna, aka lulluɓe ta da ladabi, aka ɗauke mutumin da za ka iya kama hannunsa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, Adams kuwa daga cikin ɗakin ya yi rubutu.

Akwai wurin da marubutan biyu suka haɗu kai tsaye. A littafin Foundation na 1951, Asimov ya tara masana a wata duniya mai nisa suna haɗa kundin ilmi mai suna Encyclopedia Galactica, don ilmi ya tsira idan daula ta faɗi. Adams ya ɗauko sunan kundin nan ya sa a labarinsa, ya ce wani ɗan littafin lantarki na matafiya, da ake riƙewa a hannu a danna a karanta, ya fi shi kasuwa duk da kurakuran da ke cikinsa, saboda ya fi araha. Wakilin littafin, Ford Prefect, ya shekara 15 a duniyarmu, editoci suka taƙaita bayaninsa zuwa kalma biyu. A gaya mini, tsakanin kundin masana da ɗan littafin aljihu mai araha mai kuskure, wanne ne mutane suke dubawa yau da safe? Adams bai tsaya a hasashe ba, domin a 1999 ya kafa shafin intanet mai suna h2g2 inda kowa zai iya rubuta bayani, shekara 2 kafin Wikipedia. Mutum ne mai son na'ura ƙwarai, masoyin kwamfutar Macintosh tun fitowarta, don haka sukarsa ta mai amfani ce da ya san abin zai iya fin haka kyau.

Sai kuma, a littafin Adams, labarin kwamfutar Deep Thought, wadda aka tambaya amsar rayuwa da komai da komai. Ta yi shekara miliyan 7 da rabi tana lissafi, ta ce amsar 42 ce, kuma matsalar ita ce masu tambayar ba su taɓa sanin mece ce tambayar ba. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga ɗalibi ya kwafo amsa daga waya, tsaf da ita, amma ba zai iya faɗin abin da aka tambaye shi da bakinsa ba.

Adams yana da nasa rauni. Labarinsa yakan yi yawo ba alƙibla, domin kashi-kashi ya fara rubuta shi don rediyo, kuma littafi na biyar, na 1992, duhu ya rinjayi rahar da ke cikinsa. Dariya kuma tana iya sa mutum ya saba da abin da ya kamata ya ƙi. Asimov ko ba komai yana koya maka cewa matsala tana da sanadi kuma ana iya gano shi. Wanda zai ƙera na'ura, ko zai tsara mata doka, Asimov ya kamata ya fara karantawa. Ya dace kuma mai karatu ya shiga da saninsa cewa dukansu biyu ba masu addini ba ne, kuma Adams yakan kai barkwancinsa inda mumini ba zai bi shi ba. A ɗauki hikimar, a bar abin da bai dace ba. Duk da haka, masu ƙera na'ura kaɗan ne, masu fama da ita su ne sauranmu, shi ya sa nake ganin Adams ya fi faɗin gaskiyar zamanin nan.

Fagen nan ba baƙo ba ne a Hausa. Tun 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo da tafiyarsu sararin samaniya. A fannin barkwanci kuwa, daga Samanja na Usman Baba Pategi zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, an daɗe ana nuna mana yadda mai iko da mai kuri suke tuntuɓe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa biyun a littafi ɗaya. Gajerun labaran Asimov za su fassaru cikin sauƙi, domin harshensa a miƙe yake, kuma ina roƙon masu fassara su nemi izini su fara da labarin Herbie. Adams kuwa rabin daɗinsa a cikin Turancin Ingila yake, fassara za ta zubar da shi a hanya. Irin nasa sai dai marubutanmu su zauna su rubuta sabo da Hausa, da layin banki da mai cajin waya da manhajar da ke gaishe ka ba ta biya maka buƙata ba. Marubutan da ke sakin labari babi-babi a waya, ku kuka fi kowa kusa da wannan aikin, don Allah ku gwada.